Honarabul Mai Kaji

Laraba, 12 ga Maris, 1986. Barnawa.

Yau 'yata Hadiza ta dawo daga makaranta da wani tsohon littafi kan 'yan majalisar jiha na Amurka, na tun zamanin kakanninmu. Ta karanta mini labarin wani manomi. An zaɓe shi sau uku, ya sa aka gina gada a ƙauyensu, ya koma gonarsa, ya mutu da mutuncinsa. Gadar ma sunansa aka sa mata.

Ta ce, "Baba, kai ma za a rubuta naka?"

A rubuta me? Shekara huɗu na yi a majalisa, a wannan tsarin da muka kwafo daga wurinsu, kullum ina kumfar baki kan kwalbatin hanyar Romi. Har sojoji suka kore mu ko bulo ɗaya ba a aza ba. Yanzu kaji nake kiwo a bayan gida.

Ɗazu da yamma tsohon direbana ya tsaya a ƙofar gida da sabuwar mota. Bai ko sauko ba. Ya danna hon, ya ce, "Honarabul, akwai ƙwai?"

Akwai. Ni na kai masa har mota. Har da cewa na gode.