Takardun Gwaggo Gimbiya

Cadakori, 3 ga Mayu 1974

Zuwa ga ƙanwata Dije,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da mai gidanki Isaka da ɗiyarki Cima. Bayan haka, Gwaggo Gimbiya ta rasu ran Talata. Allah ya jiƙan ta. Yunwa ce. Shekara ta uku ke nan rumbunanmu wayam.

Mun buɗe adakarta, wadda take tara takardun naɗe kyauta tun tana aiki a kantin wani Kwara, Balarabe, a Maradi. Kin san kowa da irin takardarsa a wurinta: ke mai tsuntsaye, ni shuɗiya mai taurari. Mun tarar da ƙulli goma sha tara, kowanne cikin takardar mai shi, an goge, an ɗaure da zare. A ciki irin hatsi ne, Dije. Tana kwance kusa da shi har ta cika, ba ta ci ƙwaya ɗaya ba.

Takardu huɗu kuwa a ninke suke, babu kome ciki. Ga naki na ba direba.

Wanki, Mumuni

Gazawa, 15 ga Mayu

Yaya Mumuni,

Ina gaisuwa da ta'aziyya. Malamin lakol, makarantar boko, ke rubuta mani. Ƙullin ya iso, na kasa kwance shi, sai shinshinawa nake, ƙamshin adakarta na nan. Gwaggo ke nan, matar da ke bin amare tana roƙon takardar da suka yar, ta daidaita ta da tafin hannu kamar tana lallashin jariri.

Amma ban ga na Cima ba. Tata ja ce mai furanni, wadda ta naɗo mata 'yan kunne ranar suna. Ko direba ya yar? Cima na fama da zawo kwana shida, ba ta riƙe ko ruwa. Su wane ne huɗun nan? Ka faɗa mani.

Ƙanwarka, Dije

Cadakori, 28 ga Mayu

Dije,

Bayan gaisuwa. Na so in ɓoye maki, ban iya ba. Ta farko ta Dogo mai haƙar rijiya ce. Lafiyarsa lau ranar da muka buɗe adaka, kwana biyar rijiya ta rufta da shi. Ta biyu ta Yelwa mai fura, mun kai ta makwancinta ran Juma'a. Ta uku ta Baƙo ce, wanda ya yi kudu da shanunsa. Jiya labarin rasuwarsa ya zo. Liman ya ce gaibu na Allah ne, tsohuwa dai hatsi ya ƙare mata. Na yarda da shi. Amma yanzu mutane ba su bi ta ƙofar ɗakinta.

Ta huɗu ja ce mai furanni.

Yau da hantsi na kwance nawa ƙullin. Matata Bilkisu ta riƙe mani hannu, ta ce, "Malam, in ka juye, taka fa?" Na ce, "Takarda ce, Bilkisu." Na juye hatsina cikin ta Cima. Ban iya naɗi ba, kin sani, ko goro na ƙunsa sai ya zube. Amma takardar nan ta bi hannuna, kusurwa bayan kusurwa, har Bilkisu ta ja da baya ta ce naɗin Gwaggo ne sak.

Ki aza mata shi kusa da kai. In ruwa ya sauka ku shuka.

Wanki, Mumuni

Gazawa, 9 ga Yuni

Yaya,

Alhamdu lillahi. Ranar da ƙullin ya shigo gida Cima ta nemi kunu, yau har ta fita tsakar gida da ƙafarta. Amma hankalina bai kwanta ba. Ga rabin nawa hatsin na aiko. Don Allah ka cika takardarka, ka ɗaure ta yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe.

Dije

Cadakori, 14 ga Yuni

Dije,

Bilkisu ce, liman ke rubuta mani. Saƙonki ya iso ran Alhamis da la'asar. Mun yi jana'izar wanki ranar da safe. Zazzaɓi ne, kwana biyu kawai.

An yi ruwa jiya, na farko. Na shuka hatsinki a gonarsa, tunda ba abin da zan zuba shi ciki. Na duba adaka, na duba ko'ina, shuɗiyar takardar ba ta nan.

Ki gai da Cima.

Bilkisu