Ƙwai Goma Sha Ɗaya a Ɗakin Baba

Yaya Zubair,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Tahira da aikin gonar kaji. Inna tana gaishe ka. Wayata har yanzu tana wurin mai gyara a Ɗambatta, shi ya sa na ba Mika'ilu direba wannan takarda.

Injin ƙyanƙyasar da ka aiko ya sake kunyata mu. Karon farko ƙwai ashirin na zuba, biyu suka fito, su ma ba su yi kwana uku ba. Wannan karon ko tsiyak ban ji ba. Uku ma fashewa suka yi a ciki, wari kamar mushe.

Ka san tun da ciwon kaji ya share gidan nan, kaji uku suka rage sai jan zakaran Baba, wanda yake tashinsa da asuba kafin ya rasu. Kajin kuwa 'yan gayu ne, su saka ƙwai su kama gabansu, ba mai kwanci. Zakaran ya tsufa, cararsa ma a shaƙe take fita. Inna ba ta da magana sai ta a samu ɗansa kafin ya bi mai shi. Ita da kanta ta ce a ajiye injin a ɗakin Baba, kusa da littattafansa, don albarka.

Kai ne masanin, ka faɗa mini abin da nake ɓatawa. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarki, au, ƙanwarka, ka ga har hannuna ya rikice,
Luba

Luba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe da Inna da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya.

Kada ki ɗora wa inji laifi tukuna. Ki duba zafi ya tsaya a digiri talatin da bakwai da rabi. Kada farantin ruwa ya bushe, kuma ki riƙa juya ƙwan sau uku a rana. A kwana na bakwai ki rufe ƙofa da taga, ki haska kowanne da tocila, mai rai za ki ga jijiyoyi. Ƙwan da ya wuce mako a ajiye ba a zuba shi, don haka duk wanda kika ɗauka ki rubuta masa kwanan wata da fensir.

Fashewar nan ce ta tsaya mini a rai. Ƙwai ba ya ruɓewa haka sai ƙazanta ta shige shi.

Wassalam.
Yayanki, Zubair

Yaya Zubair,

Sallama da gaisuwa. Zakaran Baba ya mutu mako biyu ke nan. Inna ta same shi a gindin darbejiya, ranar ko tuwo ba ta ci ba.

A makon da ya biyo baya na tara ƙwai goma sha ɗaya, su ne na ƙarshe da ke da jininsa, don daga nan kajin suka daina saka. Zafi, ruwa, juyi, duk ina yi tun farko, sai fensir ne sabo. Na rubuta wa kowanne, na jera a kwando. Ranar zubawa na shiga ɗakin, sai na tarar babu rubutu ko ɗaya, ƙwai fes. Na zagaya ta bayan ɗakin, ga Inna da ƙwarya, ruwan randa da sabulu, tana ɗauraye na ƙarshen.

Na ce, "Inna, me kike yi?"

Ta ce, "Abin da na saba mana. Kashin kaji a ɗakin Malam, gaban littattafansa? Ke ba ki da ido ne, ni nake wanke miki su tun na farko."

Tana faɗa tana murmushi, Yaya, ita a ganinta ta taimaka mini. Na zuba su dai. Wankin yana da illa ne?

Luba

Luba,

Sallama. Na karanta takardarki sau uku.

Yana da illa. Kaza tana saka ƙwai da wani ɗan santsi a bayansa wanda ido ba ya gani, shi ke toshe ƙofofin ɓawon. Sabulu yana cire shi, ruwan sanyi kuma yana ja wa ƙwan ƙazanta zuwa ciki. Abin da ba a yi ke nan ko kusa a gonarmu, amma ban taɓa tunanin in faɗa ba. Na lissafa miki komai na bar wannan.

Babu abin da na sani da ke mayar da shi. Ki ci gaba da juyawa, mu yi addu'a. Maganar faɗa wa Inna kuwa, ban san me zan ce miki ba.

Zubair

Yaya,

Sallama. Yau kwana ashirin da uku da zuba ƙwan. Guda ɗaya ya huda ɓawo, na ga bakinsa, Inna ta zauna a gabansa tun hantsi tana ja masa carbi. Kafin la'asar ya daina motsi. Sauran ƙwan ko tsagewa ba su yi ba.

Ta tambaye ni, "Luba, ko dai wani abu muka yi ba daidai ba?"

Na ce mata injinka ne ba shi da kyau. Ta ce kada in faɗa maka, za ka ji ba daɗi.

In ka zo, ka amsa laifin.

Luba