Kaskon Wuta a Dutsen Lubnan

Dutsen Lubnan, 2 ga Disamba, 1955

Yaya Yagana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen Fagge. Bayan haka, har yanzu ba mu taso ba. Maigidana Kwara, ɗan ƙasar nan, ya ce sai ya warke sarai mu komo kanti, ni kuwa akawunsa ne, ba ni da ta cewa.

Da muka zo lokacin zafi, garin nan cike yake da baƙi masu shan iska. An ja ni hawan dutse, na leƙa wani kwazazzabo, na ja da baya da sauri. Na zaci ƙarshen tsoro ke nan. Yanzu ƙanƙara ta rufe komai. Mutane suna ɗaura dogayen katako a ƙafa, su riƙe sanda biyu, su sulalo daga ƙololuwa suna dariya. Jiya an wuce da wani a kan makara, ƙafa a karye. 'Ya'yan maigida sun ce gobe ni ma sai na gwada. Ban san yadda zan ƙi ba.

Amma sanyi ya fi tsorata ni. Ɗakina na dutse ne, tagarsa gilashi. Na rubuta a littafina cewa yatsuna biyu ba sa jin alƙalami. Wataƙila raki ne kawai. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki, Ari

Fagge, 16 ga Disamba

Ari,

Malam Hadi ne ke rubuta mini. Muna lafiya, kowa yana gaishe ka. Kada ka kuskura ka hau katakon nan, kai da jaki ma ya taɓa kayar da kai. Batun sanyi kuwa, duk karatunka na Midil bai koya maka abin da Kaka ke yi ba? Nemi kasko, ka cika shi da gawayi, ka tura ƙarƙashin gado. Ka toshe kowace kafa da tsumma, ka rufe ƙofa gam. Kuma ka kwanta ka yi barci, ban da tashin nan naka na duba ko ka sa sakata, alhali ka sa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yagana

Sabon Gari, 19 ga Disamba

Ari,

Daga ɗakin Comfort unguwarzoma nake aiko wannan, ita ke rubutawa. Don Allah kada ka yi abin da na ce.

Na kawo mata atamfa ne, muna hira na ba ta labarin shawarata. Ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce bara an fito da masu gadi biyu daga taragon kaya, sun rufe kansu da gawayi, ba ƙuna ba rauni, sun tafi cikin barci. Ta ce ɗakin Kaka na ƙasa ne, asabari ne a ƙofa, iska na shiga tana fita. Naka dutse ne da gilashi. Ni kuma na ce ka toshe.

Mun buga maka wayar telegiram ta gidan waya. Na san halinka, ba ka taɓa tsallake maganata ba tun kana goye a bayana. Ka amsa ko da kalma ɗaya ce.

Yagana

Fagge, 3 ga Janairu, 1956

Ari,

Shiru. A kanti sun ce ƙanƙara ta tare hanyar garin, ba mai hawa ba mai sauka. Kullum ina tashar jirgi ina duban buhunan wasiƙu. Ba na iya hura wuta a gidan nan, maƙwabciyarmu Huseina ke dafa mana.

Yagana

Bairut, 10 ga Janairu

Yaya,

Wasiƙarki ta farko ta riga wayar isowa, don ƙanƙara ta tsinke layin wayar garin. Na yi duk yadda kika ce, har tsumman. Abu ɗaya na kasa. Ina kwance kaina na sarawa, sai shakka ta kama ni ko na sa sakata. Na rarrafa na duba. Ashe wannan karon ban sa ta ba, na faɗa kan ƙofar, ta buɗe da ni waje. Nan aka tsince ni, da hanya ta buɗe aka sauko da ni asibitin Bairut.

Likita ya ce zan warke. Ki hura wutarki, Yaya. Ki gaishe mini da Comfort.

Ƙanenki, Ari