Kunnen Hagu

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta turo waƙar da ta ce wata uku tana haɗa ta a situdiyonsu. Ta rubuto: "Umma, farkon naki ne. Ki sa iyafis duka biyun." Na sa na dama kawai, kamar kullum. Kunnen hagu na bar wa ƙofa. Tun babanta na da rai haka nake yi, kada a yi sallama ban amsa ba.

Farkon dai ƙarar cokali ce a cikin kofi, ta daɗe tana yi. Sai kiɗa ya ɓarke. Na kashe.

Talata, 4 ga Maris

Ta kira. "Umma, kin ji?" Na ce na ji, ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Sai ta ce: "Shi ke nan?" Na ce to me kuma, 'yar nan? Ta ce ba komai, aiki na jiranta.

Ban san ko ya yi kyau ba, na ce ya yi. Astagfirullah. Ƙarya ƙarama ma ƙarya ce.

Alhamis, 6 ga Maris

Ba ta kira ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na dafa abincin mutum biyu, hannu ya saba. Na miƙa wa maƙwabciyata rabi.

Na san abin da Auta ke zato: har yanzu ina ƙin sana'arta. Ranar da ta tafi koyon haɗa sauti ban raka ta mota ba, babanta ne ya ɗaukar mata jaka. Yanzu babu mai shiga tsakaninmu. In ta yi fushi ta yi ke nan, ni kuma bakina nauyi.

Laraba, 12 ga Maris

Kwana takwas ba ta kira ba. Bayan la'asar na sake karanta saƙonta. Duka biyun, in ji ta. Na tashi na sa wa ƙofa sakata, na zauna a kujerata, na yi bisimilla na toshe kunnuwa.

Cokalin yana dama. A hagu kuwa, can nesa, makullai. Takun takalmi. Gyaran murya. "Salamu alaikum, masu gida, an ci an manta da mu?"

Na amsa da ƙarfi. Har na juya wajen ƙofa.

Muryar ta taso daga hagu tana matsowa, cokalin ya taso daga dama, suka haɗu a tsakiyar kaina, sannan kiɗan ya buɗe ta ko'ina kamar an yaye labule. Cokalin nawa ne ashe. Shayin babanta nake motsawa.

Alhamis, 13 ga Maris

Ni na kira. Na faɗa mata gaskiya, da kunne ɗaya na ji. Ta yi dariya har ta sarƙe. "Umma! Kin bar Baba tsaye a ƙofa kwana tara!" Daga nan muryarta ta karye.

Wai daga wani tsohon bidiyon wayarta ta ciro mu. Ta ajiye shi a hagu saboda nan ƙofarmu take in ina kan kujerata. Wai in an matse farkon waƙa, aka bar fili, in kiɗa ya shigo sai ya cika kai. Ban gane duka ba. Na dai ce ta sake yi mini bayani, ta kuwa yi, har wayata ta yi zafi.

Asabar, 15 ga Maris

Maƙwabciyata ta ce ta yi ta buga ƙofa da hantsi, ta dawo da kwano, har ta fara tsorata. Na ba ta haƙuri.

Ban ji ba. Ni dai ba mai jin kiɗa ba ce, farkon kawai nake saurara. Yau ne dai na manta ban kashe ba har ta ƙare.