Gidana ne, amma sunan taubashina ke kan takarda

Asabar, aikin farko: wasiƙa zuwa ga Inna Zouera.

Inna, don Allah ki taimake ni da shawara. Layin can na sama ɗabi'a ce, haka nake buɗe kowace rana a littafina, na so in goge shi sai na ga takardar za ta yi datti. Shekaruna arba'in da ɗaya, ina aikin biro, wato ofis, a wata makarantar lekwal a Dungas. Takardun yara sama da ɗari huɗu suna hannuna, ban taɓa ɓatar da ko ɗaya ba. Na faɗi haka don ki san ba sakarai ke rubuto miki ba, ko da yake tun ranar Litinin ni kaina na fara shakka.

Shekara tara da suka wuce na sayi gida a hannun wani dattijo, Malam Hamissou. Ranar da za a yi takarda a gaban mai unguwa ina Guci wajen aikin jarrabawa, ba halin tasowa. Sai na wakilta Labbo, ɗan kawuna, wato taubashina. Ni ɗan mace, shi ɗan namiji, tun muna yara bawansa yake kirana. Ya je, aka sa albarka, magatakardan mai unguwa ya tambayi sunan wanda ke tsaye gaban shaidu, ya rubuta, Labbo ya dangwala yatsa. Washegari ya kawo mini takardar.

Ga abin da na yi da ita. Na kai ta Magariya aka rufe ta da roba a inji. Na yi fotokopi uku: ɗaya a biro, ɗaya a ɗakin mahaifiyata Dada, ɗaya a akwatin matata Rahma. Ta ainihin tana cikin gwangwani saboda gara, kuma kowace shekara kafin damina ina fito da ita in duba ko danshi ya taɓa ta. Abu ɗaya ne kawai ban yi ba. Ban karanta ta ba. Na ga hatimi, na ga yatsu, hankalina ya kwanta.

Bana mutanen unguwarmu suka fara zuwa lameri, ofishin magajin gari, don a ba su takardar gida ta hukuma, ni ma na je ranar Litinin da kartidante, katin shaidata, a hannu. Ma'aikacin ya dubi takarda, ya dubi kati, ya dube ni, sannan cikin ladabi ya tambaye ni ko mai gidan, Labbo Harouna, ya ba ni izinin zuwa a madadinsa.

Ban san yadda na kai shagon Labbo ba. Da na faɗa masa, dariya ya yi har ya zauna bisa buhun shinkafa. Ashe ya sani tun ranar farko! Shekara tara duk inda ya gan ni sai ya ce, "Ɗan haya, rufin bai yoyo ko?" Ya taɓa hana Rahma sare lemon tsakar gida, wai ba a nemi izininsa ba. Ni kuma da na ɗauka wasa ne, sai in rusuna gaban jama'a in ce, "Ranka ya daɗe mai gida." Na duba littattafaina, na faɗi haka a bikin suna biyu da Sallah aƙalla shida. Inna, wannan ba zai zama shaida a kaina ba?

Ya ce zai sa hannu a duk inda nake so, amma da sharaɗi. Ranar kasuwa in zo da tsintsiya, da rigar aikina, da alƙalami a aljihu, in share ƙofar shagonsa tun safe har hantsi, sannan in roƙi ubangidana ya 'yanta ni da ƙarfi yadda masu tumatir za su ji.

Kada in ɓoye miki, ni ma ba wali ba ne. Bara na baza labari a kasuwar Mallawa cewa Labbo zai sayar da motonsa, wato babur ɗinsa, a wulaƙance, aka yi mako biyu ana kiran wayarsa har a masallaci. Na ji daɗi sosai. Yanzu ina ganin lokacin ne ya yanke shawarar tsintsiya.

Labbo ba macuci ba ne, na rantse. Amma kowane mako yana kan hanyar iyaka bisa wannan moto, kuma gudu yake kamar ana binsa. 'Ya'yansa goma sha ɗaya. Malam Hamissou ya rasu. Cikin shaidu biyu saura Gajere mai ɗinki, shi ma sai an ɗaga murya. In wani abu ya samu Labbo, Allah ya kiyaye, gidan ya shiga gadonsa, Rahma da yaranmu huɗu su koma ina? Ita Rahma cewa ta yi in je in share, har ta ware mini tsintsiyar da ba ta zubar da tsinke. Amma iyayen ɗalibaina duk suna kasuwa ranar. Kuma wa ya taɓa kai taubashinsa gaban alƙali bai zama abin dariya har jikoki ba?

Na gobe:
Leƙa Gajere, in ga lafiyarsa.
Dada: a faɗa mata ko kada a faɗa?
Tsintsiya (ban yanke ba).
Karanta takardar aurena, ita ma da wakili aka ɗaura.

Ɗan haya a gidansa, Dungas

Ɗan haya,

Na yi dariya, ka yafe mini, sannan na daina, don maganarka ta fi ƙarfin dariya. Hukuma ba ta san taubasantaka ba. Abin da ta sani shi ne sunan da ke kan takarda, kuma yau sunan ba naka ba ne. "Ranka ya daɗe" da ka yi ta faɗa kada ta hana ka barci, duk unguwa ta san bakin taubasai. Abin tsoro shi ne wanda ka ambata da kanka: mai sayarwa ya tafi, shaida ɗaya ya rage.

Saboda haka cikin makon nan, ba bayan damina ba, ka tara Labbo da Gajere gaban mai unguwa, ka ƙara maƙwabta biyu da suka san kai ka saya kuma kai ke zaune ciki. Labbo ya faɗa da bakinsa cewa wakili ya tsaya, a rubuta, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Sunanka ya zama daidai da na kartidante, harafi da harafi. Daga nan ku tafi lameri tare da Labbo, da tsohuwar takarda da sabuwa, su za su faɗa muku ko gyara za a yi ko sauya suna, da abin da ake biya. Kada ka taɓa tsohuwar da alƙalami.

Labbo yana da laifi. Wasa na shekara tara da matsugunin yara huɗu ya wuce wasa, kuma ya kamata wani ya faɗa masa. Wannan aikin Dada ne. Gwaggonsa ce, in ta shimfiɗa tabarma a ƙofar shagonsa ta zauna, ba zai kai azahar bai sa hannu ba. Ka faɗa mata yau. Amma ka tuna mutumin nan ya riƙe gida da sunansa shekara tara bai jinginar ba, bai sayar ba. Ba kowane ɗan'uwa ke da wannan ba. Kai ma ka sayar masa da moto yana bisa kai.

Tsintsiya kuwa, ni na ce ka ɗauka. Iyayen ɗalibanka su ma suna da taubasai, za su yi dariya su saya maka goro. Sharaɗi ɗaya: sa hannu tukuna, shara daga baya. In ka fara da shara, mako mai zuwa zai ce ka wanke masa moto.

Allah ya bar zumunci, ya zaunar da Rahma da yara lafiya a gidansu. Labbo kuma Allah ya ja kwanansa, amma har ya sa hannu ka ɓoye masa makullin moto.

Inna Zouera