Kira Bakwai daga Balan da Ba Su Shiga Ba

Assalamu alaikum Anti Zaituna. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki sakaya sunana. Yau kwana ashirin da bakwai ke nan ina riƙe da wata magana da ban gaya wa kowa ba, har mijina.

Ni malamar firamare ce, ina aure a Ajingi. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, yana Gaya, ya haura shekara saba'in da biyar. Manomi ne, amma ya daɗe da barin gona ga yayyena, yanzu daga ƙofar gida sai masallaci. Ni na saya masa wayar da yake riƙewa, irin ƙaramar nan mai maɓallai, don mu riƙa jin lafiyarsa. Duk Asabar nake hawa mota in je in duba shi.

Matsalar ta faro ne daga kiran tallan nan da na'ura ke yi. Kin san su. Waya za ta yi ƙara, ka ɗauka, sai ka ji muryar da aka naɗa tana tallan maganin basir, ko taki, ko wata gasa da aka ce za a ci kujerar Makka. Mu da muka gane su, kashewa muke yi. Baffa ba ya kashewa. Dalilinsa shi ne da yawansu da sallama suke farawa, shi kuma a wurinsa wanda ya yi maka sallama ya zama baƙonka. Sai ya amsa sallamar cikakkiya har da wa barakatuhu, ya gyara zama, ya saurara har ƙarshe, yana cewa to, to, madalla. Na sha gaya masa ba mutum ba ne. Ya ce ko ba mutum ba ne yanzu, ai mutum ne ya yi sallamar tun farko, kuma bai ga inda aka ce a katse mai sallama ba. Akwai wata murya ta mace da ta fi yawan kira, har ya sa mata suna 'Yar Gidan Magani, yana cewa yarinyar tana da ladabi, sai dai ba ta bari a gaisa.

Saƙonnin tes kuma sun fi haka. Baffa ajami yake karantawa, ba ya karanta boko. Duk saƙon da ya shigo ɗauka yake wani ne ya aiko da labari, kuma ba ya yarda a goge, wai saƙon mutane amana ne. Sai in zo ran Asabar in tarar da saƙo sittin, in zauna ina karanta masa ɗaya bayan ɗaya, babu ko guda da ya fito daga wanda ya san shi. Wani lokaci wayar ta cika har namu ba ya shiga.

Abin da ya ƙure ni shi ne ranar da wata murya ta ce ya danna ɗaya, ya danna. Mako guda duk wanda ya kira Baffa waƙar soyayya yake ji kafin ya ɗauka. Limamin unguwarsu ya ji. Mijina, surukinsa, ya ji, ya kasa gaya mini sai da ya kwana biyu. Ranar da na cire waƙar raina a ɓace yake, sai na shiga saitin wayar na ga wani wuri da ake toshe duk lambar da ba a adana a wayar ba. Na kunna. Ban gaya masa ba, don na san ba zai yarda ba. Wata biyu aka samu lafiya. Har ya ce mini 'Yar Gidan Magani ta daina kira, Allah ya sa lafiya. Na yi dariya na ce wataƙila ta yi aure.

Baffa yana da amini a Balan, wani ƙauye kusa da Gaya, sunansa Malam Maikuɗi. Tun suna samari suke tare, tare suka yi fataucin gyaɗa, kuma kowa a gidajen biyu ya san alkawarin da ke tsakaninsu: duk wanda ya riga rasuwa, ɗayan ne zai yi masa wanka, ya sa shi a kabari. Lambar Malam Maikuɗi tana cikin wayar Baffa. Ta 'ya'yansa ce babu.

Malam Maikuɗi ya rasu wata Talata bayan sallar asuba. Babban ɗansa, Abdulmuttalib, ya kira Baffa da tasa wayar, ya sake kira da ta maƙwabci. An jinkirta wanka ana jiran Baffa har rana ta ɗaga, daga ƙarshe aka yi jana'iza da ƙarfe goma sha ɗaya. Duk wannan lokacin Baffa yana zaune a ƙofar gida da waya a aljihu. Sai a sallar la'asar wani ya tambaye shi me ya hana shi zuwa Balan.

Ya je ta'aziyya a ranar. Abdulmuttalib ya ce masa sun kira sau bakwai. Baffa ya fito da wayarsa a gaban mutane ya ce a duba, aka duba babu kira ko ɗaya. Tun daga nan ya ɗauka ƙarya suka yi masa, cewa yaran sun raina shi ne, ko suna ganin ya tsufa da wankan gawa. Su kuma na ji an ce suna ganin shi ne ya ƙi ɗauka, yanzu yake neman abin fakewa. Ran Asabar ɗin na ɗauki wayar kamar zan karanta masa saƙo, na shiga inda ake ajiye kiran da aka toshe. Suna nan, Anti. Guda bakwai, daga shida da kwata zuwa tara da rabi. Na kashe toshewar a take, na mayar masa da wayar, ban ce komai ba.

Yanzu kiran talla ya dawo, yana amsa musu sallama kamar da. Amma ya rage magana, ya rage cin abinci. Saura kwana tara addu'ar arba'in, ya ce ba za shi ba, kuma ya hana yayyena zuwa. Zumuncin shekara hamsin yana neman yankewa a kan abin da ni na yi. Idan na faɗa, ina tsoron fushinsa, don Baffa bai taɓa yi mini faɗa mai zafi ba, ban san yadda zan ɗauka ba. Idan na yi shiru, ana zargin mutanen da ba su yi laifi ba. Wani lokaci nakan ce ai su ma da sun turo mai babur, Balan ba nisa ba ce. Sai kuma in ji kunyar tunanin. Ga shi har yanzu ban san yadda zan raba shi da masu tallan ba. Me zan yi?

'Yar Gaya mazauniyar Ajingi

*

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ji ƙan Malam Maikuɗi, ya ba Baffa haƙuri.

Ki gaya masa, kuma kafin ranar arba'in. Sauran abin da zan faɗa bayani ne a kan yadda za ki yi.

Bari in fara da abin da ba laifinki ba. Damuwarki ta gaskiya ce. Masu kiran nan sun san abin da suke yi da suka sa sallama a farkon muryar da suka naɗa. Sun san akwai dubban dattawa irin Baffa da tarbiyyarsu ba za ta bar su su kashe waya a kan mai sallama ba. Ladabinsa suke amfani da shi su riƙe shi a layi. 'Yar da ta ga haka ta nemi kare mahaifinta ba ta yi mugun nufi ba. Haka kuma gaskiya ne da mutanen Balan sun turo mai babur da abin bai kai haka ba. Amma gidan da aka wayi gari da gawa ba a nan ake samun nutsuwar tunani ba, kuma mutumin da ya kira sau bakwai ya yi abin da ake tsammani daga gare shi. Wannan hujjar ki bar ta a ranki, kada ta fito daga bakinki a gaban kowa.

Kurakuranki biyu ne. Na farko, kin yi amfani da makullin da bai dace da rayuwarmu ba. Toshe duk baƙuwar lamba yana iya yi wa wanda harkarsa ba ta wuce mutum ashirin ba. A wurinmu labarin rasuwa, da na haihuwa, da na haɗari a hanya, da wayar duk wanda ke kusa ake bayar da shi, kuma gawa ba ta jiran gobe. Dattijo irin Baffa, kiran da ya fi muhimmanci a gare shi kusan kullum daga lambar da bai sani ba zai zo. Na biyu, wanda ya fi nauyi, kin yanke hukunci a kan wayarsa ba da saninsa ba. Ke kika saya, amma tasa ce.

Kada ki jira Asabar. Ki nemi izini a makaranta ki je a tsakiyar mako, don zuwan da kansa ya nuna masa magana ce babba. Ki same shi shi kaɗai, ba a ƙofar gida ba. Ki fara da abin da kika yi, dalili ya biyo baya, kuma a taƙaice. Ki buɗe masa jerin kiran nan bakwai ki karanta masa lokutansu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kika saba karanta masa saƙo. Ina fata ba ki goge su ba. Zai yi fushi, wataƙila ya yi kwanaki bai kula ki ba, kuma yana da haƙƙin hakan. Ki jure. Ki lura da abin da yake cin sa yanzu: yana ganin iyalan amininsa sun wulaƙanta shi, kuma mutane suna ganin ya saɓa alkawari. Maganarki za ta cire masa duka biyun. Abin da zai rage shi ne kuskuren 'yarsa, kuma wannan uba ya san yadda ake yafe shi.

Akwai kuma Abdulmuttalib, wanda aka ƙaryata a gaban jama'a a ranar da ya binne mahaifinsa. Shi ma kina da haƙƙinsa a kanki. Ki nemi izinin Baffa ki je Balan tare da mijinki ko ɗaya daga cikin yayyenki, ki nuna masa wayar, ki ba shi haƙuri. Mijin naki ki gaya masa yau.

Sai batun masu talla. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta tanadi lambar 2442. Idan aka tura kalmar STOP zuwa wannan lamba daga layin Baffa, an nemi a daina turo masa tallan da bai nema ba ke nan, kuma kyauta ne. Idan aka ci gaba da damun sa, a fara kai ƙorafi wurin kamfanin layin, in ba a ga gyara ba a kira hukumar a 622. Kada ki sa ran wannan zai share komai. Yana rage tallan da ke biyowa ta kamfanonin layi, amma masu kira da lambobi irin na kowa, da 'yan damfara, sukan kutso. Waɗannan ki riƙa toshe su ɗaya-ɗaya ran Asabar, shi yana nuna miki wadda ba ya so. Ki adana masa lambobin 'ya'yan abokansa da na maƙwabta. Ki roƙe shi abu guda: duk muryar da ta ce ya danna wata lamba, ko ta nemi lambar katinsa ko ta asusunsa, kada ya yi. Duk wannan a gabansa za ki yi, da yardarsa.

Ko wajibi ne a amsa sallamar na'ura, wannan ni ba malama ba ce, ya tambayi limamin da ya yarda da shi. Amma a ganina ba sai kin raba shi da ɗabi'arsa ba, domin shi da kansa ya riga ya gano bambancin, ranar da ya ce yarinyar ba ta bari a gaisa. Ki ce masa ya amsa sallama kamar yadda ya saba, sannan ya tambayi lafiyar gida. Mutum zai dakata ya amsa. Na'ura za ta wuce da maganarta. Wanda aka tambaye shi iyali bai amsa ba, shi ya fara barin gaisuwar, kuma Baffa bai ci mutuncin kowa ba idan ya kashe.

Wankan da ya yi alkawari ya wuce, ba mai dawo masa da shi, kuma kada ki yi ƙoƙarin nuna masa abin ƙarami ne. Amma addu'ar arba'in tana gaba, kuma ke kaɗai ce kika san abin da zai sa ya je ya zauna kusa da Abdulmuttalib. Saura kwana tara a lokacin da kika rubuto. Yanzu sun ragu. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran Baffa, ya sa a ga motarku a Balan ranar.

Anti Zaituna