Ki Faɗi Sunana, Suwaibatu

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farkon damina a kan gonar da ta gaji da jira, kurciyar Maraɗi da ta yi sheƙa a Faskari, matata Suwaibatu. Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙishirwa ga rijiya, ke da Inna da yara.

Takardar ofishin jakadancin ƙasar Turawan nan da nake zaune ta iso ni, ya zumata farar saƙa. Ba su ba ki bizar zuwa wurina ba, wai suna shakkar aurenmu. Aurenmu! Shekara tara, 'ya'ya uku, gudun 'yan bindiga sau biyu, amma Bature mai tabarau bai gamsu ba. Hujjarsa? Ya tambaye ki sunan mijinki, kika sunkuyar da kai kika ja mayafi. Ya sake tambaya, kika ce Malam. Ya yi ta uku, kika ce baban su Mani. Sai ya rubuta cewa matar ba ta san sunan mijinta ba.

Wayyo kunya! Kin tuna ranar da muka baro ƙauyenmu na Sabuwa, cunkoso ya raba mu a tashar Yankara? Kina hango ni, goyo a baya, ƙunshi a ka, amma kika gwammace ki bi ni da ƙafa cikin rana har bakin kasuwa da ki ɗaga murya ki kira sunana. Ran nan, duk da tashin hankalin, na ji kamar an naɗa mini rawani. Ashe abin da nake taƙama da shi ne zai zame mini katanga!

Ba zan zalunci Baturen ba dai. Ya nemi hoton ɗaurin aure: maza zalla a ƙofar masallaci, babu ke, ni ma ina ɓoye a gidan abokina. Hotonki guda ne, kina lulluɓe kina rusa kuka kamar an yi rasuwa. Fasfona na Najeriya ya ce ɗaya ga Janairu aka haife ni, naki na Nijar ma haka. Tsakani da Allah, ko ni ne a kujerar nan sai na gyara tabarau.

Babu ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba, ya inuwar tsamiyata. Ta karatu? Sai da shaidar Turanci, ke kuwa Faransanci kika taɓa, shi ma aji uku. Ta aiki? Masu jinya suke nema da injiniyoyi, ba su buɗe gurbin wadda damun furarta ke sa maƙwabci ya ƙirƙiro gaisuwa ba. Wani lauya ya ce ki nema daga Yamai. Na Yamai suka ce ai a Najeriya kike zaune, na Abuja suka ce ai ke 'yar Nijar ce. Ƙofar iyali kaɗai ta rage, ganawa ta biyu, Talatar bayan Sallah. Babu ta uku.

To ina roƙonki, ya tauraruwar da nake laluba a sararin da ba ya rabo da hadari, ki faɗa. Na tambayi malami, ya ce ba haramun ba ne. Baturen ba surukinki ba ne, Inna kuma ba za ta ji ba. Ki fara gwadawa a bayan ɗaki, ki raɗa wa akuya, ki faɗa wa turmi. Shekara biyu ina tsaye a kamfanin yankan kaji, hannuna ya daskare, kowane Bature yana murɗe sunana yadda ya ga dama, ke da kika iya shi kin ƙulle a ciki. Haba Suwaibatu! Sai yaushe?

In kuwa harshenki ya ƙi, wallahi ba zan yi fushi ba. Zan ajiye wuƙa in dawo, mu ci gaba da zama a ɗakin haya muna hangen gonar da ba ta shiguwa. Gara wannan da shekara ta uku babu ke.

Abu ɗaya ne ke cina. In kin yanke shawarar faɗa, ki kira ni a waya tukuna, ko da raɗa ne. Shekara tara ban taɓa jin sa a bakinki ba, ban yarda mai tabarau ya riga ni ba.

Naki shi kaɗai, har ranar da ƙasa za ta rufe idona,
Maharazu Lawwali